AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yaya Ake Haɗa Motar Soja Da Tubalan Roba Har Ta Yi Tafiya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Damagaram, ɗalibi a makarantar koyon sana'a, bayan doguwar gaisuwa ga dukkan ma'aikatan wannan fili, ya ce ya ga hoton bidiyo a wayar abokinsa na wata 'yar motar soja mai ƙafa takwas, tsawonta bai fi kamu ɗaya da rabi ba, tana hawa duwatsu tana sauka, wani mutum yana sarrafa ta daga nesa. An ce masa wai da tubalan wasan yara na LEGO aka haɗa ta. Yana so ya san ko gaskiya ne ko kuwa siddabarun masu bidiyo ne. Ya ƙara da cewa yayansa da ke aiki a Beljiyam zai zo ganin gida, ya ce masa ya zaɓi tsaraba guda, shi kuwa wannan motar yake so. To wane kwali zai ce a sayo masa?

AMSA: To Malam, muna amsawa, mun kuma gode. Abin da ka gani gaskiya ne, babu siddabaru a ciki. Amma tun kafin mu yi nisa bari in tare ka: kada ka sa yayanka yawon kantuna a Beljiyam yana neman kwalin wannan mota, domin babu shi. Kamfanin LEGO ba ya yin motocin soja na zamani. Wanda ka gani a bidiyon nan shi ya zauna ya tsara motarsa da kansa, ya tattaro kayan daga kwalaye daban-daban, mai yiwuwa ma ya yi watanni yana haɗawa yana warwarewa.

Shi dai wannan kamfani a wani ƙaramin gari yake mai suna Billund a ƙasar Denmak. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, shi ya fara yin kayan wasa na katako a 1932, ya raɗa wa sana'ar suna LEGO a 1934, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Tubalin roba mai maɓallai a sama da bututu a ƙasa, wanda in ka danna shi kan ɗan'uwansa yake kamawa gam, a 1958 aka yi masa rajista. Sai a 1977 suka fito da wani reshe na manyan yara, wanda daga baya aka sa wa suna Technic. A nan ne aka sami sanduna masu ramuka, da ƙusoshin roba, da giya mai haƙora (ta mota fa nake nufi, ba ta mashaya ba), da wasu sanduna masu juyawa waɗanda bakinsu ke da siffar alamar tarawa ta lissafi. Da waɗannan ake yin motar da ka gani.

Batun ƙin kayan soja kuwa ba jita-jita ba ce. A 2020 kamfanin ya riga ya gama shirin fitar da samfurin wani jirgin sama mai suna V-22 Osprey, har an buga kwalaye an kai wasu kantuna. Sun yi masa ado ne irin na jirgin ceto, amma wata ƙungiyar masu rajin zaman lafiya a Jamus ta tayar da magana cewa ai sojoji kaɗai ke amfani da wannan jirgi. Cikin watan Yuli, saura kwanaki kaɗan a fara sayarwa, kamfanin ya janye shi, ya ce tsohuwar ƙa'idarsa ce ba ya yin samfurin kayan yaƙi na gaske. Ko da yake in za a faɗi gaskiya ƙa'idar tana da ƙofofi, domin sun taɓa sayar da jirgin Yaƙin Duniya na Ɗaya mai suna Sopwith Camel, ga kuma takubba da bindigogin 'yan fashin teku da na finafinai birjik. Akwai dai wasu kamfanonin da suka cike wannan giɓi. COBI na ƙasar Folan yana yin tankoki da motocin soja da irin nasa tubalan, Brickmania a birnin Minneapolis na Amurka yana harhaɗa tubalan LEGO na asali ya sayar da su da takardar bayani, ga kuma kamfanonin Sin da yawa. Sai dai akasarin na COBI da Brickmania na ajiya ne a kan kanta, a kalla a yaba. Kai kuwa mai tafiya kake so.

Za ka ce me ya sa mutum zai bar tankar yaƙi mai bindiga ya tsaya kan motar ɗaukar kaya? Masu wannan sha'awa sun san cewa soja ba ya motsi sai da ita. A 1944, bayan da sojojin ƙawance suka sauka Faransa, layin dogo ya lalace, sai da aka jera motoci wajen 6,000 suna jigilar mai da abinci da harsasai dare da rana, aikin da aka sa wa suna Red Ball Express, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne. Motar da ta fi yin wannan aiki ita ce GMC mai ƙafa shida, wadda aka ƙera sama da 560,000 a lokacin yaƙin. Ban da tarihi kuma, motar soja ita ce aka yi domin inda babu hanya. Duk ƙafafunta suna ja, cikinta a ɗage yake, aksul ɗinta yana lanƙwasa ya bi ƙasa. Wanda ya iya kwaikwayon wannan da roba ya iya wani abu.

Yanzu ga yadda ake farawa, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Ba daga kan mota ake farawa ba, ba daga bodi ba, daga taya ake farawa. Dalili kuwa shi ne kana iya ƙara wa bodi tsawo ko ka rage yadda ka ga dama, amma taya ba ka da iko da ita, sai girman da kamfani ya yi. Saboda haka taya ce za ta faɗa maka girman motarka.

Bari mu yi lissafin tare, ɗauko biro. Mu ɗauki Ural-4320, motar Rasha mai ƙafa shida da ake ƙerawa a garin Miass tun 1977. Tsayin tayarta kimanin milimita 1,260 ne. Cikin tayoyin LEGO akwai wata mai milimita 94. Raba 1,260 gida 94, za ka sami 13.4. To wannan lamba ita ce alƙalinka har ka gama. Faɗin motar milimita 2,500 ne, ka raba da 13.4, ya ba ka 187. Tsawonta kimanin milimita 7,370, ya ba ka 550, wato santimita 55. Su kuma masu haɗawa ba da milimita suke ƙirga ba, da maɓalli suke yi, domin daga rami zuwa rami a sandar LEGO milimita 8 ne daidai, ba ƙari ba ragi. Ke nan motarka za ta yi maɓalli 23 a faɗi, 69 a tsawo. Ka lura 23 lamba ce mara, kuma haka ake so, domin a sami rami ɗaya a tsakiya cif inda farfela za ta bi. Da ka zaɓi ƙaramar taya mai milimita 62, da motar ta koma kashi ɗaya cikin 20, faɗinta maɓalli 15 ko 16, sai ka rasa inda za ka cusa inji da batir. Shi ya sa akasarin masu tafiya a waje suke tsakanin kashi ɗaya cikin 10 da ɗaya cikin 17.

Nauyi kuma nasa lissafin daban ne, domin mota tana da tsawo da faɗi da tsayi, kowanne an rage shi. Sai ka ninka 13.4 sau 13.4 sau 13.4, ya ba ka wajen 2,400. Ural ba kaya tana da kimanin tan 8, wato kilo 8,000. Raba da 2,400, ka sami kilo 3 da ɗan ɗoriya. Abin sha'awa, irin waɗannan motocin roba sukan zo kusa da wannan nauyi in an gama su. To a nan matsalar take. Babbar tana ɗauke da nauyinta a kan ƙarfe, taka kuwa a kan sandar roba da kaurinta bai kai milimita 5 ba. Duk sauran bayanin da zan yi maka, dabarun zama lafiya da wannan siririyar sanda ne.

Injin da ke juya ta na lantarki ne, yana cin batir shida irin na rimot ɗin talabijin amma manyan, wato AA, jimla bolt 9. Cikin jerin da kamfanin ya fito da shi a 2007 mai suna Power Functions, babban injin, XL, yana juyawa kimanin sau 220 a minti ɗaya in ba a ɗora masa komai ba, matsakaicin kuma, M, kimanin sau 400 amma ba shi da ƙarfin murɗawa sosai. Tayarmu mai milimita 94 in ta juya sau ɗaya ta ci ƙasa kusan santimita 30. Da za ka haɗa XL kai tsaye da taya, lissafi ya ce za ta yi kusan kilomita 4 a awa, saurin mai tafiya kasuwa. A kan siminti ke nan. Amma da ta gamu da ɗan dutse sai ta tsaya tana kuka.

Maganin wannan shi ne abin da kowane direban gingimari ya sani in ya zo hawa: a sauko giya. Giyoyin LEGO da yawan haƙora ake kiransu, akwai mai 8, mai 12, 16, 20, 24, 36 da 40. In ƙarama mai haƙora 8 ce ke juya babba mai 24, sai ƙaramar ta zagaya sau uku kafin babbar ta yi ɗaya. Gudu ya ragu gida uku, ƙarfi ya ninku uku. Motarka ta koma tafiyar kilomita ɗaya da 'yan kai a awa, tafiyar hawainiya, amma za ta hau abin da ɗazu ya gagare ta. Kada ka ji haushin wannan. Da za a bi ma'auni sosai, kilomita 80 na babbar Ural zai zama kilomita 6 a wurin ƙaramar, amma ita ma babbar ai ba ta yin 80 a cikin kwazazzabo.

Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a ina za ka sa wannan ragin? Ka buɗe kunne a nan, domin shi ne bambancin gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan tara giyoyinsa duka a bakin inji, ya ninka ƙarfi sau tara tun daga can, sannan ya tura wannan ƙarfin cikin doguwar farfela, ya ratsa gaɓoɓi, ya ratsa aksul, kafin ya isa taya. Ranar da taya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, inji ba zai tsaya ba, sai sandar ta murɗe kamar igiyar guga, ko kuma 'yar gaɓar nan mai lanƙwasa da ke bakin farfela ta tsage, ka ji ƙas! Shi kuwa gwani yakan bar farfela ta yi ta juyawa da sauri ba tare da nauyi ba, sai a can bakin taya, a matakin ƙarshe, ya rage gudun. Ta haka guntuwar sanda ɗaya ce tak take ɗaukar wahala.

Ba masu wasa suka ƙirƙiro wannan ba, daga manya suka kwaikwayo. Unimog ta Jamus, wadda aka fara gwajinta a 1946 a matsayin motar noma (an auna tsakanin ƙafafunta ya yi daidai da kunya biyu ta dankalin Turawa), tana da giya a cikin kowace ƙafa. Aksul ɗin yana sama da tsakiyar taya, giya biyu ne ke sauko da juyin. Riba biyu ke nan: an rage gudu a bakin taya, an kuma ɗaga cikin mota daga ƙasa. Sojojin ƙasashe da yawa sun saye ta saboda haka, musamman samfurin 404 da aka yi daga 1955 zuwa 1980. LEGO ya fitar da tasa Unimog ta farar hula a 2011, mai lamba 8110 da guda 2,048 a kwali, kuma a cikinta ne aka fara samun wannan gidan giya na bakin taya a shirye. Ka sa mai 8 a sama, mai 24 a ƙasa, ka sami ragin gida uku daidai inda ake bukatarsa. A 2019 kuma suka ƙara da wani gidan da ke rage gudu fiye da gida biyar a cikin cibiyar tayar kanta.

Wani abin lura: duk inda giya biyu suka haɗu a kusurwa, kamar inda farfela ta shiga aksul, suna ƙoƙarin ture juna ne. In sandunan da ke riƙe da su ba su kafu ba, sai su buɗe kaɗan, haƙora su riƙa tsallake juna, ka ji tar-tar-tar mota ba ta motsi. Akwai wani firam mai kusurwa huɗu, ramuka 5 a faɗi 7 a tsawo, wanda aka zuba shi guda ɗaya ba haɗi. A cikinsa ake kulle irin waɗannan giyoyi. Ka sa a sayo maka shi da dama.

Daga nan sai difarenshal, wato ƙullin giyoyin da ke tsakiyar aksul. Aikinsa shi ne, in mota za ta sha kwana, tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki, to shi ne ke barin kowace ta juya da saurinta. A kan kwalta alheri ne. A cikin rairayi kuwa shi ne maƙiyinka, domin halinsa ne ya tura juyi inda ya fi sauƙi. Ƙafa ɗaya ta ɗaga sama, sai ita kaɗai ta yi ta wulwulawa a iska, 'yar'uwarta da ke ƙasa tana tsaye. Ku mutanen Damagaram ba sai an yi muku dogon bayani ba, kun sha ganin mota ta kafe tana haƙa wa kanta rami da ƙafa ɗaya. Manyan motocin soja suna da makulli da direba ke dannawa ya haɗe ƙafafun biyu su zama ɗaya. Masu haɗa na roba sun kasu biyu. Wasu sukan cire difarenshal ɗin gaba ɗaya, motar ta yi ƙarfin hawa amma ta riƙa jan ƙafa a kwana tana wahalar da sanduna. Wasu kuma sukan sa shi su yi masa makulli da wani ƙaramin inji na daban. A ganina na biyun shi ne aikin, amma ba da shi ake fara koyo ba. Motar Mercedes Zetros da LEGO ya fitar a 2021, lamba 42129, tana da irin wannan makulli da ake dannawa daga waya. Ita ma babbar Zetros sojoji suna amfani da ita, amma kamfanin sai ya yi mata kwalliyar motar gasa, ka ga wata ƙofar ke nan.

Ƙafafun baya huɗu na mota irin Ural suna rataye ne a kan sifirin guda a kowane gefe, mai lilo a tsakiya kamar ma'aunin mai gwanjon hatsi: aksul ɗaya ya hau dutse, ɗayan ya sauka, duka suna taɓa ƙasa. LEGO ba ya yin sifirin na faranti, shokazoba kawai yake da su, don haka akan sa sanda mai lilo a madadinsa, wasu kuma su jera siraran faranti na roba su bar su suna lanƙwasa.

Amma wadda ka gani mai ƙafa takwas, in har ƙafafunta suna karkacewa ciki kamar mai gwame in ba ta da kaya, to Tatra ce, ta garin Kopřivnice a ƙasar Cek. Ita ce sarauniya a wurin masu wannan sha'awa, kuma ta cancanta. Sauran motoci shasinsu kamar tsani yake, dogayen ƙarafa biyu da 'yan gajeru a tsakani. Tatra kuwa bututu ne guda ɗaya mai kauri daga gaba har baya, kamar ƙashin bayan kifi, farfela tana cikinsa a ɓoye, ba ruwanta da laka ko dutse. Kowace ƙafa tana da rabin aksul nata da ke lilo a jikin bututun, ba ta damu da abin da 'yar'uwarta ke yi ba. Injiniya Hans Ledwinka ne ya fito da wannan tsari tun 1923 a wata ƙaramar mota, aka yi ta faɗaɗa shi har zuwa Tatra 813 ta soja da aka yi daga 1967 zuwa 1982, da 815 da ta gaje ta. Dattawan Agadas ma sun san ta, domin tseren Paris-Dakar yana ratsawa ta can a shekarun 1980, kuma direba Karel Loprais ya ci ajin manyan motoci sau shida da Tatra tsakanin 1988 da 2001. A roba wannan tsari yana da daɗin yi, domin juyin yana tafiya a miƙe ne cikin tsakiya, kowace ƙafa tana ɗiba da giyarta, ba a bukatar gaɓoɓin nan masu saurin tsagewa sai a ƙafafun da ke juya kwana.

Wahalar mai ƙafa takwas a sitiyari take. Aksul biyu na gaba duka suna juyawa, amma ba daidai ba: na farko ya fi na biyu karkata, haka kuma tayar ciki ta fi ta waje. Dalili, dukkansu suna zagaya cibiya guda ne, kowace da nisanta daga cibiyar. Wannan ilimi ya girmi mota, tun zamanin keken doki wani maƙeri a birnin Munich, Georg Lankensperger, ya gano shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1818 da sunan wakilinsa Rudolph Ackermann. In ka yi su daidai wa daida, motar za ta juya amma tana goge taya tana turjewa. Akan gyara ne ta hanyar bambanta tsawon hannuwan da ke tura kowane aksul.

Bodi ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Abu biyu kawai. Na ɗaya, ya zama marar nauyi, batir kuma a sa shi can ƙasa tsakanin ƙafafu, in ba haka ba da ta hau gangare a karkace sai ta kife. Na biyu, launi. Sandunan Technic ba su cika zuwa da koren soja ba, saboda haka akan yi ƙashin da baƙi ko toka-toka, a lulluɓe shi da faranti na tubalan gama-gari masu kore ko ruwan ƙasa. In wannan ya yi tsada, ga hanya mai sauƙi: yi ta fara fat, ka ce ta sojojin kiyaye zaman lafiya ce na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba wanda zai yi maka gardama.

Akwai kuma abin da ya shafe ku musamman. Rimot ɗin Power Functions da irin hasken rimot ɗin talabijin yake aiki, hasken rana mai ƙarfi kuwa yana makantar da shi. A Turai ma suna kuka da wannan, balle ranar Damagaram. Kamfanin ya daina yin wannan jeri, ya koma wanda ake sarrafawa da waya ta Bluetooth, wanda ya shigo Technic a 2019. Akwai kuma akwatunan wasu kamfanoni, SBrick na Hangari da BuWizz na Sulobeniya, masu karɓar tsofaffin injina su haɗa su da waya. Rairayi kuma yana cinye haƙoran roba kamar fayil, don haka bayan kowace fita a kakkaɓe da burushi. Kada ka kuskura ka zuba mata baƙin mai ko giris na gareji, yana lalata roba. Kada kuma a bar ta a rana ko cikin mota a rufe.

To me za ka ce wa yayanka? Ni dai shawarata, ya nemi kwalin Technic na gwanjo na mota mai jan ƙafa huɗu wadda ta zo da injinanta. Mai lamba 9398 ta 2012 misali ce mai kyau, tana da injin tafiya biyu, da na sitiyari, da akwatin batir da rimot. An daina yinta, amma ana samu a hannu, kuma akwai kasuwar intanet mai suna BrickLink inda ake sayar da kayan ɗai-ɗai. Ya ƙaro maka tayoyi biyu irin na kwalin su zama shida, da difarenshal guda, da firam ɗin nan, da gaɓoɓin farfela da giya mai haƙora 8 kamar goma-goma, domin su ne ke fara mutuwa. In da hali ya haɗo da littafin wani ɗan Folan, Paweł Kmieć, wanda aka fi sani da Sariel, mai suna The Unofficial LEGO Technic Builder's Guide, an fara buga shi a 2012. Da Turanci yake, amma zane ya fi rubutu yawa. Na kamfanonin Sin sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma suna shiga da na LEGO, sai dai ingancinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ka fara haɗa ta kwalin yadda takarda ta ce, ka tuƙa ta har ka gane aikin kowane abu, sannan ka warware ka yi shasi tsirara mai ƙafa shida, ka gwada shi a kan duwatsu kafin ka ɗora masa ko da ƙofa ɗaya. Mai ƙafa takwas ta jira tsaraba ta gaba. Da fatan ka gamsu.

TAMBAYA: Wata malamar firamare daga Zariya ta ce ɗanta mai shekara 9 ya dame ta da irin waɗannan motoci. Tana tsoron kada abin ya sa masa son yaƙi, ga kuma ƙannensa ƙanana a gida.

AMSA: Malama, ni ma aji na baro na zo gidan rediyo, don haka na fahimci damuwarki. Abin da zan ce shi ne, duk bayanin da na yi a sama babu bindiga ko ɗaya a ciki, rabawa ce da ninkawa da auna kusurwa. Abin da ke ƙarƙashin motar soja shi ne ke ƙarƙashin motar kashe gobara da tankar ruwa da motar haƙar rijiyar burtsatse, kuma Tatra da Unimog duk suna yin waɗannan ayyuka. Ki ba shi jan tubali ki ce motar 'yan kwana-kwana kike so. Sai dai manyan kwalayen masu inji an rubuta musu shekara 11 ko 12 zuwa sama, wasu ma 18, don haka a shekara 9 ƙaramin kwali marar inji ya ishe shi, mai sitiyari da fistin da zai ga suna motsi in ya tura. In yana yin motar kara ko ta langa-langa kada ki hana shi, hannu ɗaya ne ke yin duka biyun. Batun ƙannensa kuwa shi ne abin tsoro na gaske. Ƙusoshin nan ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa komai baki yake kaiwa. A yi aikin a kan faranti mai baki ko cikin tire, a kan tebur, a ƙirga a mayar cikin gwangwani mai murfi, batir kuma a cire shi a ajiye inda hannu ba ya kaiwa.

Mai sauraronmu na Kumasi da ya yi tambaya kan yadda jirgin ƙasa ke shan kwana alhali ba shi da difarenshal, wasiƙarka ta iso, sai a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.